Yarinyar da Ba Ta Son a Tashi Makaranta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan yaran da ake cin zarafinsu a cikin gidajen iyayensu, da kuma abin da makaranta take iya yi musu idan an dace da malamin da ya buɗe idonsa. Ni malamar makarantar sakandare ce, na shekara 22 ina riƙe da alli, kuma abin da zan faɗa a kan idona ya faru. Ba zan ambaci sunan yarinyar da zan ba da labarinta ba, haka nan makarantar da garin, domin sai da na nemi izininta kafin in ɗauki alƙalami, kuma da wannan sharaɗin ta yarje mini.

Tana da shekara 15 lokacin da ta shigo ajina. A zangon farko ban ɗauke ta a bakin komai ba face ɗalibar da ke yawan makara, mai gyangyaɗi a darasin safe, wadda idan aka yi mata tambaya sai ta ƙura wa teburi ido har a gaji a wuce ta. Sau biyu na hukunta ta saboda makara, kuma har yau abin yana yi mini ciwo idan na tuna. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda wannan yarinya da ke zuwa a makare ita ce kullum ta ƙarshen fita. Idan aka kaɗa ƙararrawar tashi, 'yan'uwanta suka kwasa a guje, ita sai ta ɗauki tsintsiya ta share ajin da ba ranar shararta ba, ta goge allon da aka riga aka goge, ta jera kujeru, har sai mai gadi ya zo rufe ƙofa. Wata rana kuma ina zagayawa tsakanin layukan kujeru, na ɗaga hannu da niyyar in gyara labulen tagar da ke bayanta, sai ta dunƙule wuri ɗaya ta kare kanta da hannu biyu. 'Yan ajin suka yi dariya. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin na san ruwa ba ya tsami banza, kuma yaron da bai saba da saukar hannu a kansa ba, ba ya kare kai da irin wannan saurin.

Bayan 'yan makonni na ba su aikin insha'i mai taken "Gidanmu". Kowa ya rubuta labarin mahaifiyarsa da ƙannensa da hirar dare. Ita ma ta cika shafi biyu, da rubutu mai tsafta wanda ban taɓa zaton tana da shi ba, amma babu mutum ko ɗaya a cikin gidan da ta siffanta. Ƙofofi ta yi ta bayani: wadda take ƙara idan an tura ta, wadda sakatarta ta lalace, da tazarar da ke tsakanin ɗakinsu da ƙofar waje. A ƙarshen shafi na biyu ta rubuta cewa daga yadda makulli ya juya a ƙofa da dare takan gane ko za a yi barci a gidan ko ba za a yi ba. Na karanta wannan jimlar ya fi sau goma. Maimakon maki, na rubuta mata a ƙasan takardar cewa rubutunta ya yi kyau ƙwarai, kuma kullum ina zaune a ajin bayan an tashi idan tana son a yi hira.

Sai da aka yi kusan wata guda kafin ta zo. Ta tsaya a bakin teburina tana murza gefen littafinta, ta ce, "Malama, idan na faɗa miki wata magana, za ki gaya wa Babanmu?" Na ce mata, "'Yata, ba zan gaya masa ba. Amma idan maganar ta shafi lafiyarki, dole in nemi wanda zai taimake mu, kuma ba zan yi komai a bayan idonki ba." Na ga fuskarta ta canza, har na ɗauka za ta juya ta tafi. Ban yi nadamar faɗa mata gaskiya ba, domin yaron da manya suka sha karya masa alkawari, idan malami ma ya yi masa alkawarin rufe sirrin da ba zai iya rufewa ba, to ya rushe amanar da ta rage. Ta zauna, ta faɗa mini cewa mahaifinta yana dukan mahaifiyarta tun tana ƙarama, kuma tun da ta fara shiga tsakaninsu dukan ya dawo kanta. Ta ce zafin duka yakan wuce bayan kwana biyu ko uku, amma kalmomin da yake jifanta da su, cewa ita ba za ta taɓa zama komai ba, su ne suke tashinta cikin dare. Makarar da nake hukunta ta a kai kuwa, ashe tana tsayawa ne ta tabbatar ya fita kafin ta bar mahaifiyarta da ƙaninta.

Ya Edita, ina so masu karatu, musamman 'yan'uwana malamai, su fahimci dalilin da ya sa irin wannan yaro yake kasa karatu, domin a nan ne muke yawan zaluntarsa karo na biyu. Idan mutum ya firgita, jikinsa yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, hankali ya tattara gaba ɗaya a kan neman tsira. Wannan baiwa ce da ke ceton rai idan haɗarin na ɗan lokaci ne. Amma idan haɗarin yana kwana a gida ɗaya da yaro shekara da shekaru, jikin ba ya samun damar komawa daidai, sai yaro ya zauna kullum cikin shirin ko-ta-kwana. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da natsuwa da tsara tunani da danne fushi, ba ya gama girma sai mutum ya haura shekara 20, saboda haka matashi ɗan shekara 15 yana ɗauke da wannan kaya ne a lokacin da abin ɗaukarsa bai gama ƙwari ba. Yarinyar da ta kwana tana sauraren motsin makulli ba za ta iya riƙe lissafi da ƙarfe takwas na safe ba, kuma idan muka kira ta daƙiƙiya, mun maimaita mata abin da ake faɗa mata a gida ne da bakin da ta zo neman mafaka a wurinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara har biliyan 1, masu shekaru 2 zuwa 17, suna fuskantar wani nau'i na cin zarafi ko sakaci a cikin shekara guda. Duk malamin da ke tsaye a gaban aji mai cike da yara, da wuya a ce babu ko ɗaya daga cikinsu a gabansa.

Na kai maganar ga shugabar makaranta, ita kuma ta nemi jami'ar walwalar jama'a, aka bi matakan da suka kamata. Ba zan tsawaita a nan ba, sai dai in ce abin ya fi yadda na zata wahala. Dangi suka taru, kuma kalmomin da muka fi ji su ne "a yi haƙuri" da "a rufa asiri" da "uba uba ne". Ban raina haƙuri ba, amma na lura cewa a duk zaman da aka yi, yarinyar kaɗai ake nema ta yi shi, kuma asirin da ake son rufawa na wanda ya yi dukan ne. Wadda ta tsaya tsayin daka ita ce ƙanwar mahaifiyarta, mace marar yawan magana, wadda ta miƙe a tsakiyar taro ta ce ita za ta riƙe 'yarta, kuma duk mai ja da hakan ya zo ya dubi bayan yarinyar tukuna. Haka yarinyar ta koma hannun innarta, ta ci gaba da zuwa makarantarmu.

Na ɗauka daga nan komai zai daidaita, sai ga shi zangon da ya biyo baya ya fi kowanne muni. Yarinyar da a da ba ta ɗaga murya ta fara faɗa da ƙawayenta, tana fashewa da kuka ba tare da wani dalili na fili ba, makinta ya ƙara yin ƙasa. Wata rana ta ce mini, "Malama, da kin bar ni a can da ya fi, domin yanzu ban san abin da ke faruwa da Mama ba idan dare ya yi." Ban sami amsar da zan ba ta ba. Daga baya wata ma'aikaciyar lafiya da ta ƙware a kula da masu fama da damuwa da firgici ta bayyana mini cewa hakan ba baƙon abu ba ne: sau da yawa sai mutum ya sami wurin da yake jin aminci sannan abin da ya daɗe yana dannewa yake fitowa. Ta riƙa ganin yarinyar lokaci-lokaci, kuma na yi imani wannan ganawar ta yi aikin da ni da dukkan littattafaina ba za mu iya yi ba. Duk da haka, da lokacin jarrabawar kammala sakandare ya zo, yarinyar ta faɗi a darussa uku. Ta zauna shekara guda, ta sake rubutawa, sannan ta ci.

A cikin wannan shekarar ta maimaici ne na ga abin da ilimi yake yi wa mutumin da aka raunata, kuma ya wuce maganar takardar shaida nesa. Wata rana ta shigo ofishin malamai da littafin ilimin halittu a buɗe, ta nuna mini shafin da ke bayani a kan yadda jiki yake amsa firgici, ta ce, "Malama, ashe abin da ke damuna yana da suna? Ni na ɗauka hauka nake yi." Shekaru ta yi tana jin zuciyarta na bugawa da hannunta na rawa idan aka buga ƙofa da ƙarfi, tana ɗaukar hakan aibi ne a halittarta. Shafi ɗaya na littafin makaranta ya nuna mata cewa jikinta lafiyayye ne da ya yi abin da kowane jiki zai yi a irin halin da ta shiga. Tun daga ranar ta fara raba tsakanin abin da aka yi mata da abin da ita take. Haka kuma makaranta ta ba ta wani abin da gidansu bai taɓa ba ta ba, wato wurin da yau take kama da jiya: ƙararrawa tana kaɗawa a kan lokaci, darasi yana bin darasi, wanda ya yi ƙoƙari yana ganin sakamakonsa. A gidan da ta taso, ko ta yi daidai ko ta yi kuskure, dukan yana iya sauka a kanta, saboda haka ta girma da tunanin cewa ƙoƙarinta ba ya canza komai. Ranar da ta yi bitar wani babi na sati biyu, ta sami maki 70 a gwaji, na ga ta riƙe takardar tana dubawa kamar ba ta yarda tata ba ce.

Amma ina jin tsoron yadda ake ba da irin wannan labari, a ce wance ta sha wahala, ta yi karatu, ta zama wani abu, shi ke nan an rufe babi. Tsakanin 1995 da 1997, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka tare da kamfanin kiwon lafiya na Kaiser Permanente sun yi wani babban bincike a birnin San Diego, inda suka tambayi manya fiye da 17,000 abin da suka fuskanta a yarinta. Kusan kashi 2 cikin 3 sun ce sun gamu da aƙalla nau'i ɗaya na cin zarafi ko sakaci ko rikicin gida. Waɗanda suka gamu da nau'i 4 ko fiye, an samu haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka a kansu sau 4 zuwa 12, kuma cututtukan jiki irin su ciwon zuciya ma sun fi kama su. Abin lura shi ne yawancin mutanen da aka yi binciken a kansu sun yi karatun gaba da sakandare. Ke nan takardar digiri ba ta goge tabon da ke cikin jiki, kuma mutum yana iya zama a ofis mai kyau alhali motsin makulli yana hana shi barci. Wanda ya ce wa yaron da ake duka "ka dai yi karatu, komai zai wuce", ba tare da ya tsayar da dukan ba ko ya nema masa mai sauraronsa, ya ɗora masa nauyin ceton kansa ne shi kaɗai.

Binciken da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne na Emmy Werner, masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ita da abokan aikinta suka bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawaii, tun daga haihuwa har suka kai shekara 40. Kimanin kashi 1 cikin 3 na yaran sun taso cikin talauci da rikicin gida ko rashin lafiyar iyaye, kuma a cikin waɗannan, kimanin kashi 1 cikin 3 sun girma sun zama manya masu natsuwa da riƙon amana. Da aka duba abin da ya bambanta su, an ga kusan kowannensu ya sami wani babba da ya riƙe shi da gaske, ko kaka ko inna ko maƙwabci ko malami, kuma iya karatu tun a firamare ya taimaka musu sosai. Har ila yau, da yawa daga waɗanda suka lalace a shekarun samartaka sun gyaru daga baya, wasunsu ta hanyar komawa karatu bayan sun girma. Wannan ya yi daidai da abin da na gani da idona. Littafi bai isa ya ɗaga ɗalibata ba sai da aka sami innar da ta buɗe mata ƙofa, da ma'aikaciyar lafiyar da ta saurare ta, da shugabar makarantar da ta ƙi yarda a sallame ta a zangon da ta fi kowa fitina.

Akwai wata magana da ta taɓa sa ta kuka fiye da faɗuwa jarrabawa. Ta ji wani daga cikin dangi yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wai jinin ubanta ne a jikinta, ita ma haka za ta yi wa nata 'ya'yan. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na gaya mata abin da na sani: a 1987 wasu masana biyu na Jami'ar Yale, Joan Kaufman da Edward Zigler, sun duba binciken da aka yi a kan wannan batu, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka ci zarafinsu a yarinta ne suke maimaita hakan a kan 'ya'yansu. Adadin ba ƙarami ba ne, kuma ya isa ya sa mu tashi tsaye, amma yana nufin mafi yawansu ba sa maimaitawa. Zalunci ɗabi'a ce da ake koya, kuma wanda ya gane sunan abin da aka yi masa ya fi kowa damar ajiye shi.

Saboda haka nake ganin duk abin da zai raba irin wannan yaro da aji babban haɗari ne gare shi. Mun ga misali a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a faɗin duniya. A Amurka, inda ma'aikatan makaranta ne suka fi kowane rukuni kai rahoton cin zarafin yara, adadin rahotannin ya faɗi ƙasa warwas a watannin rufewar, kuma masana ba su ɗauki hakan a matsayin alamar sauƙi ba, sun fahimci cewa idon da ke gani ne aka rufe. Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989, ta wajabta wa ƙasashe a sashe na 19 su kare yaro daga kowane irin cin zarafi ko da a hannun iyayensa yake, sashe na 28 ya tabbatar masa da haƙƙin ilimi tare da sharaɗin cewa horon makaranta ya mutunta darajarsa, sashe na 39 kuma ya yi magana a kan taimaka wa wanda aka cutar ya warke. Wannan sharaɗi na horo ya shafe mu kai tsaye mu malamai. Da na ci gaba da hukunta ɗalibata a kan makara ba tare da na taɓa tambayarta dalili ba, da wata rana ta daina zuwa, da kuma an rubuta a rajista cewa ta bar makaranta don ba ta son karatu.

Roƙona gare ku 'yan jarida shi ne, idan za ku kawo labarin matashin da ya tsira daga irin wannan gida ya yi karatu, ku tambaye shi wane ne ya fara lura da shi, wane ne ya ba shi wurin kwana, kuma sau nawa ya faɗi kafin ya miƙe, domin a cikin waɗannan amsoshin ne mai karatu zai ga abin da shi ma zai iya yi. Ku kuma kare sunansa da fuskarsa idan bai kai shekarun yanke wa kansa shawara ba. Hukumomin ilimi kuwa, ya kamata kowace makaranta ta sami mutum ɗaya da aka horar, wanda malami zai iya zuwa wurinsa idan ya ga alama, domin ni a ranar da yarinyar ta buɗe mini cikinta ban san ƙofar da zan fara bugawa ba, kuma na san malamai da yawa sun yi shiru ne saboda wannan rashin sanin.

Yau ɗalibata tana da shekara 24, ta kammala karatun aikin jinya, tana aiki a sashen yara. Mahaifiyarta ta bar gidan shekara biyu bayan fitarta. Har yanzu ɗalibar tawa ba ta iya barci sai ta tashi ta duba sakata sau biyu, kuma ta gaya mini cewa ba ta yanke shawarar ko za ta sake yi wa mahaifinta magana ba, ni kuma ban matsa mata ta kowane ɓangare ba. A watan jiya ta zo makaranta riƙe da hannun ƙaninta, wanda yanzu ya kai shekarun da take da su lokacin da na fara saninta. Ta cike masa takardun shiga da hannunta, ta rubuta sunanta a gurbin mai kula da shi, sannan ta ja ni gefe ta ce, "Malama, shi ba ya shara, kuma ba ya kuka. Idan kin ga ya cika surutu da ba mutane dariya, to ranar ce za ki tambaye shi."

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makarantar sakandare